Me ke riƙe maigida a kan waya? Amsa kan karatun labarai da sharhin siyasa a mujallun intanet

Wata Hajiya daga Ƙofar Sauri, cikin birnin Katsina, ta aiko da tambaya. Ta ce tun da maigidanta ya yi ritaya daga aikin gwamnati, da ya dawo daga masallaci da asuba sai ya ɗauki waya ya duƙufa kan karatun labarai da sharhin siyasa a mujallun intanet, wata rana har hantsi. Ga rediyo a gida, ga talabijin, kuma kusan duk labarin da zai ba ta, ta riga ta ji shi a shirin safe na BBC. To me yake samu a can da ya kai a ƙona data, a gajiyar da ido?

Hajiya, Allah ya saka da alheri, ya ƙara wa Alhaji lafiya. Na daɗe a aikin jarida, tun zamanin da muke rubuta labari da biro mu miƙa wa mai keken rubutu, kuma har yau ina koya wa matasa wannan aiki. Don haka na san abin daga wajen mai rubutawa, na kuma san shi daga wajen mai karantawa.

Gaskiyarki ce, labarin ɗaya ne. Amma kafin Alhaji ya ɗauki waya labarin ya riga ya same shi, kamar yadda ya same ki. Abin da yake bi shi ne dalili: wa ya yanke wannan shawara, me ya tura shi, wa zai amfana, kuma a kan wa nauyin zai sauka. Shirin rediyo na rabin sa'a yana ɗauke da labarai da yawa, kowane rahoto bai fi minti biyu ko uku ba, dole mai gabatarwa ya wuce. Shi kuwa rubutu ba agogon da ke korar sa. Marubuci na iya zama a kan magana ɗaya har ya kai gindinta.

Bari in ɗauki abin da ya taɓa kowane gida a jihar nan. Ranar 26 ga Yulin 2023 sojoji suka kifar da gwamnatin Bazoum a Nijar. Kwanaki kaɗan bayan haka ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyaka, Najeriya ta katse wutar lantarkin da take ba Nijar. A rediyo jimla biyu ce. A Jibiya da Kwangwalam kuwa manyan motoci ne jere da kaya suna lalacewa, ɗan kasuwar da ke zuwa Maraɗi ya zauna, wanda 'yarsa ke aure a tsallake ya rasa hanyar zuwa suna. Mutumin Katsina ko Daura bai taɓa ɗaukar Nijar wata ƙasa mai nisa ba, ai masarautar Maraɗi ma Katsinawa ne suka kafa ta bayan jihadi. To a wannan hali mutum yana da tambayoyin da kanun labarai ba sa amsawa. Me ya sa ECOWAS ta yi zafi haka a wannan karon? Me ya sa sanatocin Arewa suka fito fili suka ƙi a kai yaƙi? Mece ce alaƙar wutar da muke ba su da ruwan kogin Kwara da ke ratso ƙasarsu kafin ya iso madatsar Kainji? Masu sharhi ne suka zauna suka warware waɗannan, suka kuma tuna wa mutane cewa ba a daɗe da fita daga wani rufe iyakar ba, wanda gwamnatin Buhari ta yi daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da abin da ya yi wa farashin shinkafa. Lokacin da aka sake buɗe iyakar a Maris ɗin 2024, wanda ya bi waɗannan rubuce-rubuce bai yi mamaki ba, don ya ga inda maganar ta dosa. Akwai natsuwar da mutum ke samu idan ya fahimci abin da ke murƙushe shi, ko da ba shi da ikon ɗauke shi. Ni a ganina wannan natsuwar ita ce kan gaba cikin abin da ke jan mutane.

Ga wani misalin da Katsinawa ba za su manta ba. A Nuwambar 2009 aka tafi da marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa jinya Jidda, aka yi makonni ba a ji daga gare shi ba. A Janairun 2010 BBC ta same shi ta waya, duk ƙasa ta ji muryarsa. Rediyo ya yi aikinsa. Amma tambayar da ta rage ita ce, wa ke riƙe da ƙasa? Sashe na 145 na tsarin mulki ya ce shugaba zai rubuta wa majalisa idan zai yi tafiya ko ya kasa aiki, ga shi kuma ba a rubuta ba. A watan Fabrairu majalisa ta dogara da waccan hirar ta BBC ta ɗora Jonathan a matsayin muƙaddashi. Ko hakan ya dace da doka ko bai dace ba, a rubuce lauyoyi da 'yan jarida suka fafata a kai, kowa da hujjarsa. Wanda ya saurara kawai ya san abin da ya faru. Wanda ya karanta ya san yadda aka yi ya faru.

Abu na biyu ya fi shafar mutum irin Alhaji. Wanda ya yi rayuwarsa a ofishin gwamnati ya san cewa abin da ba a rubuta ba, a wajen hukuma bai faru ba. Mujallar intanet a wurinsa kamar fayil ce da ba a rufe ta. Maganar rediyo da an faɗe ta ta bi iska, idan ka yi gardama a kai gobe sai a ce ba haka aka ce ba. Rubutu kuwa yana nan da kwanan watansa da sunan mai shi. A Janairun 2012 gwamnatin Jonathan ta cire tallafin mai, lita ta tashi daga naira 65 zuwa 141, aka yi zanga-zanga har aka dawo da ita 97. Da aka sake cire tallafin ranar 29 ga Mayun 2023, masu karatu sun tono abin da wasu manyan 'yan siyasa suka rubuta a 2012 suna sukar cirewar, suka ajiye shi kusa da abin da suke faɗa yanzu. A da, sai wanda ke da damar shiga ɗakin ajiyar tsofaffin jaridu a Kaduna zai iya wannan. Yau malamin firamare a Mashi yana yi daga kan tabarmarsa. Haka hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024, da ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Muna da ƙananan hukumomi 34 a jihar nan. Mai karatu yana iya komawa ya duba ainihin abin da kotu ta ce, sannan ya dubi garinsu ya tambayi kansa ko an aiwatar. Talaka ya samu hujja a hannu, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Kada kuma ki ɗauka wayar ce ta kawo wannan ƙishirwa. Mun gaje ta. Kwalejin Katsina da aka kafa a 1921 ita ta yaye Abubakar Imam, ya koyar a makarantar Midil ta Katsina, daga nan ya tafi Zariya ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fita a Janairun 1939. Mai karatu ɗaya kan karanta ta da ƙarfi jama'a na saurare, kuma wasiƙun masu karatu na cikin abin da ya sa ta shiga ran mutane. A shekarun 1950 lardin Katsina na da jaridarsa, Himma. Muryar farko da ta buɗe Sashen Hausa na BBC a Maris ɗin 1957 ta Aminu Abdullahi Malumfashi ce. Marigayi Dakta Yusufu Bala Usman, ɗan Musawa, da abokansa sun fitar da mujallar Fitila don sharhi mai zafi ya isa ga wanda ba ya jin Turanci. Matsalar da muka yi ta fama da ita a lokacin takarda ita ce hanya da kuɗi. Jaridar Legas ba ta iso mana sai rana ta yi nisa, wani lokaci sai washegari, ƙauye kuwa sai wanda ya shigo birni ya tafi da ita. Shi ya sa ake cincirindo a gaban mai sayar da jarida ana karatun tsaye. Tun da wayar salula ta shigo a 2001, intanet ya biyo baya, wannan shingen ya faɗi. Mutumin Baure da mutumin Abuja lokaci ɗaya suke karanta rubutu ɗaya.

Akwai kuma maganar ƙarfin hali. Gidan rediyon gwamnati na gwamnati ne, akwai iyakar da ma'aikacinsa ba zai tsallaka ba, kuma ban ga laifinsa ba, abincinsa ne. Gidan rediyo mai zaman kansa yana tsoron lasisinsa a hannun NBC, hukumar da ke kula da gidajen rediyo da talabijin. Jaridar takarda ana iya rufe ma'aikatar buga ta ko a kwashe ta a hanya, kamar yadda aka sha yi a zamanin soja. A 1984 an ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian ƙarƙashin Dokar Soja ta 4, a 1986 kuma aka kashe Dele Giwa na mujallar Newswatch da bam ɗin da aka aiko masa cikin wasiƙa. Kafar intanet ta fi wuyar toshewa, shi ya sa abubuwa da dama da ita suke fara fita. Premium Times da aka kafa a 2011 ta yi suna da bincike. A Oktoban 2018 Daily Nigerian ta Jaafar Jaafar ta saki bidiyon da ta ce gwamnan Kano na lokacin ne ke karɓar daloli, gwamnan ya musanta ya kai ƙara, amma maganar ta riga ta shiga kowane gida. HumAngle da ta fara a 2020 ta mai da hankali kan rashin tsaro, tana bin ƙauyukan da manyan kafofi ba sa kaiwa. Ba wai 'yan jaridar intanet sun tsira ba ne. An sha kama su da sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, har aka yi wa sashen gyara a 2024, kuma gwamnati ta taɓa rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. Duk da haka ƙofar ta fi faɗi.

A nan jiharmu, rashin tsaro ya mai da wannan karatu larura. Da aka sace ɗaliban sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020, iyaye da dangi a waya suka kwana har aka sako yara 344 bayan kusan mako guda. A Satumbar 2021 aka katse sabis a ƙananan hukumomi 13, ciki har da Batsari, Safana, Ɗanmusa, Faskari, Jibiya da Funtuwa. Mutane sun riƙa yin tafiya mai nisa don kawai su samu inda waya za ta kama. Muhawarar da ake yi har yau, a yi sulhu da 'yan bindiga ko a yaƙe su, ba magana ce da minti uku zai ɗauka ba. An gwada sulhu a zamanin Masari, ya rushe. Gwamna Raɗɗa ya kafa rundunar tsaron al'umma a 2023. Wanda ƙauyensu ke bakin dajin Rugu yana son ya ji hujjar kowane ɓangare dalla-dalla, don gonarsa da 'yan uwansa ke ciki.

Sai abin da ban so ki raina, Hajiya. Mutumin da ya saba shekara da shekaru ana kawo masa takarda ya duba, ana neman shawararsa, rana ɗaya ya wayi gari ba mai ƙwanƙwasa ƙofarsa, yana jin abin a ransa ko bai faɗa ba. Na ga abokai da ritaya ta tsufar da su cikin ɗan lokaci saboda zaman shiru. Wannan karatun yana riƙe hankali a farke. Kuma idan ya fita majalisa bayan la'asar, yana da abin da zai ajiye a gaban abokansa, a saurare shi, a yi masa gardama, ya kare kansa. Mu mutane ne masu son muhawara, daga teburin mai shayi har zauren malamai. Mujallar intanet ita ke ba majalisar yau abin tattaunawa.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yawancin sharhi mai zurfi har yanzu da Turanci yake fita. Aminiya, Premium Times Hausa, Leadership Hausa, da shafukan BBC, DW, RFI da TRT suna ƙoƙari wajen labarai, amma doguwar maƙala da aka yi tunaninta da Hausa tun daga tushe ba ta da yawa. Da dama fassara ce, kana karantawa kana jin Turancin a ƙarƙashi. Lokacin da ake taƙaddama kan ƙudurorin gyaran haraji a ƙarshen 2024, gwamnonin Arewa suka nuna adawa da yadda za a raba kuɗin harajin kayayyaki, bayanin lissafin da Hausa ya yi ƙaranci ƙwarai, alhali masu jin Hausa na cikin waɗanda abin ya fi shafa. Wannan gazawarmu ce mu masu aikin, kuma ina faɗa wa ɗalibaina kullum.

To amma zan zalunce ki idan na tsaya a nan, don inda daɗin yake nan haɗarin yake. Mujallar intanet ba ta sayar da takarda, dole ta ci abinci ta wata hanya. Hanya ɗaya ita ce talla, kuma kuɗin talla yana bin yawan waɗanda suka latsa. Daga nan ake samun kanun labarin da ke tayar da hankali, ka buɗe ka tarar ba komai a ciki. Ɗaya hanyar ita ce aljihun ɗan siyasa. Buɗe shafi ba ya cin kuɗi, don haka kowane uban gida na iya sa yaransa su buɗe, su raɗa masa suna mai kama da na jarida, su riƙa yabonsa suna zagin abokin hamayyarsa. Sojojin bakan da muka sani a rediyo sun ƙaura waya, kuma idan zaɓe ya matso sai su ninka. Sannan Facebook da ire-irensa suna lura da abin da mutum ya fi tsayawa a kai, su ƙara turo masa irinsa. Wanda ke ƙin gwamna zai yi ta ganin abin da ke ƙara masa ƙi, mai son sa zai yi ta ganin yabo, kowanensu yana zaton duk duniya ra'ayinsa take. Jin an gaskata abin da ke ranka yana da daɗi sosai, kuma wannan daɗin ba ilimi ba ne. Na san masu karatu da yawa da ba neman sani ke kai su ba, neman wanda zai ce musu sun yi daidai ne.

Yadda za ki gane inda Alhaji ya faɗa ba wuya. Ki duba ko shafukan da yake karantawa suna da sunan edita da adireshin ofis, don wanda ya ɓoye sunansa ya shirya yin ƙarya ne ba tare da ya biya ba. Kafa ta ƙwarai tana raba labari da ra'ayi, ta rubuta a sama cewa wannan sharhin wane ne. Idan ta zargi mutum za ki ga ta neme shi ya kare kansa, ko ta ce ta neme shi bai amsa ba. Idan ta yi kuskure tana gyarawa a fili. Marubucin kirki kuma yana kawo hujjar abokin gardamarsa da ƙarfinta kafin ya rushe ta, kuma za ki same shi wata rana ya soki ɓangaren da ya saba yabo. Wanda shekara da shekaru bai taɓa ganin laifin mutum ɗaya ba, albashi yake karɓa. Hotuna ma abin lura ne, musamman na hare-hare, don an sha ɗauko tsohon hoto daga wata ƙasa a ce jiya ne a Batsari. Akwai masu aikin tantance irin wannan, kamar kafar Dubawa da aka kafa a 2018. Mu Musulmi ma ba sai an koya mana ba, aya ta 6 a Suratul Hujurat ta umarce mu da bincike idan fasiƙi ya zo mana da labari, kuma turawa a WhatsApp ɗaukar labari ne kamar kowane.

Shawarar da zan ba ki ita ce kada ki hana shi, ki shiga ciki. Idan ya gama karatu ki ce ya ba ki abin da marubucin ya ce, sannan ki tambaye shi wa ya rubuta, kuma me ɗaya ɓangaren ya ce. Idan ya amsa miki a natse, har ya ce a nan marubucin ya yi son kai, to karatun yana amfanarsa. Idan kuwa kullum da ɓacin rai yake tashi, ko ya fara yanke zumunci da ƙannensa saboda jam'iyya, ko yana tura duk abin da ya gani ba dubawa, to ki nemi wani abokinsa da yake jin nauyi ya yi masa magana ya sauya inda yake karatu. Ke ma ki gwada da kanki. Mata sun yi ƙaranci a wannan fage, masu karatu da masu rubutu, alhali kasafin kuɗin lafiya da na makarantun 'yan mata da farashin abinci ku suka fi shafa, kuma marigayiya Hajiya Bilkisu Yusuf, wadda ta yi editan jarida tana cikin waɗanda suka kafa mujallar Citizen a Kaduna a 1990, ta nuna cewa alƙalamin mace na iya girgiza masu mulki.

Maganar data kuwa, gaskiya ta yi tsada, musamman tun da hukumar NCC mai kula da kamfanonin sadarwa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025. Sai dai rubutu ba ya cin data sosai, bidiyo ne ke cinye ta. Ki sa ɗaya daga cikin yaran ya shiga saitin wayar ya kashe bidiyon da ke kunna kansa a Facebook, za ki ga bambanci a wata ɗaya. Ya kuma ƙara masa girman haruffa, ya rage hasken fuskar wayar da daddare. Idan Alhaji yana matso da wayar kusa da fuska ko yana kukan ciwon kai bayan karatu, a kai shi asibitin ido a auna shi a ba shi gilashin da ya dace da shekarunsa, kada ya sayi na kan tebur a kasuwa.